Ina so in kai Inna Umra, amma kuɗina ba su kai abin da ajans ke nema ba

Assalamu alaikum Yaya. Ni tela ne a Garwa ta ƙasar Kamaru. Tun rasuwar mahaifinmu, Inna ba ta da wata magana sai ta ga ɗakin Allah da idonta. Na daɗe ina zubin adashe, na haɗa da ɗan abin da nake samu a ɗinkin Sallah, yanzu ina da sefa miliyan 3. Na yi mata alkawarin za mu yi goman ƙarshe na azumi a Makka, ni da ita. Na je ajans, kuɗin da suka faɗa mini ya kusa ninka abin da ke hannuna. Sai wani ya haɗa ni da wani mutum a WhatsApp, ya ce zai yi mana biza da tikiti da otal duka a miliyan 2, har ya turo mini takardar jirgi da sunayenmu a jiki, ya ce in tura rabin kuɗin ta Orange Money kafin mako ya fita, in ba haka ba kujerun za su ƙare. Ƙanena kuma ya duba a intanet ya ga otal mai araha sosai, amma kilomita 3 ne daga Harami. Shekarun Inna 68, tana fama da ciwon gwiwa. Kunya nake ji in koma in ce mata ban iya ba. Yaya zan yi in sami jirgi da masauki masu sauƙin kuɗi ba tare da an cuce ni ba?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya yi wa nemanka albarka, ya ƙara wa Inna lafiya. Kuɗin da ke hannunka ba ƙananan kuɗi ba ne, kuma in aka bi a hankali ina sa ran za su kai ku su dawo da ku. Amma sai ka yarda ka saki wani abu guda da ka riƙe, zan zo kansa.

Bari in fara da mutumin WhatsApp, tunda shi ne ya sa maka wa'adi. Kada ka tura masa ko sisi. Takardar da ya turo maka ba ta nuna komai ba. Kowa da yake da hanyar shiga manhajar sayar da tikiti zai iya kama kujera da sunanka ba tare da ya biya ba, ya buga takarda mai kyau da tambarin kamfani da lokacin tashi da komai. Kujerar tana nan na 'yan kwanaki, wani lokaci 'yan sa'o'i, daga nan sai kamfanin ya soke ta tunda ba a biya ba. Mutum yana zaune a gida da takardarsa yana murna, sai ranar tafiya a filin jirgi a ce masa babu sunansa. Abin da ya raba kama kujera da tikitin gaske shi ne lambar tikiti mai alƙaluma 13. Ukun farko na kamfanin jirgin ne: na Ethiopian Airlines yana farawa da 071, na EgyptAir da 077, na Turkish Airlines da 235. Akwai kuma wata gajeruwar lamba mai haruffa shida. Da ita da sunan mahaifi za ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ko ƙanenka ya shiga maka, ku ga ko an biya. Duk wanda zai sayar maka da tikiti, ko ajans mai ofis ne a bakin titi, wannan ce jarrabawarsa. Sannan ka tambayi kanka: in masu ofis da lasisi sun ce kusan miliyan 6, ta ina shi zai fitar da abin a miliyan 2, a goman ƙarshe, lokacin da duniya duka ke rububin gado ɗaya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaggawar da yake sa ka ita ma alama ce. Mai gaskiya yana da ofis da za ka iya zuwa ka zauna, yana ba da rasit mai hatimi, kuma ba ya jin haushi in ka ce za ka je ka bincika.

Yanzu abin da na ce sai ka saki: goman ƙarshe na azumi.

Na san nauyin maganar. Hadisi ne ingantacce cewa Umra a Ramadan tana daidai da Hajji a lada, kuma ba zan rage mata daraja ba. Amma a duk shekara babu lokacin da kuɗin otal a Makka ke tashi kamar waɗannan kwanaki goma. Ɗakin da ake samu da sauƙi a watan Safar yakan ninka sau da yawa, kuma otal-otal da dama ba sa sayar da kwanakin ɗai-ɗai, sai dai ka ɗauki goman gaba ɗaya. Jirgi ma haka. Da miliyan 3 a wannan lokacin, abin da za ku samu shi ne masauki can nesa, da tsohuwa mai azumi, mai ciwon gwiwa, tana jiran bas cikin turmutsitsi bayan sallar dare. Jama'a kan cika har a rufe ƙofofin masallaci tun kafin lokacin salla, mutane su yi sahu a kan titi. Mutum zai iya kashe duk abin da ya tara, ya dawo bai bari uwarsa ta zauna ta kalli Ka'aba cikin natsuwa ko sau ɗaya ba. Ba wannan ka yi zubin adashe dominsa ba.

Sahabi Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi Umra huɗu, dukkansu a watan Zulƙida ne ban da wadda ya haɗa da Hajjinsa. Salla a masallacin Makka tana da ladan salla dubu ɗari a kowane wata, ta masallacin Madina kuma ta fi salla dubu. Ka je wurin malamin da Inna take jin maganarsa, ku zo tare ku zauna da ita. Kada ka ce mata ka kasa, don ba ka kasa ba. Ka ce mata kana so ta yi ɗawafi da ƙafarta, ta sami wurin zama a gaban Ka'aba, ta shiga Rauda, kuma hakan ya fi yiwuwa a wani wata. Ina kyautata zaton za ta ce maka duk yadda ka yi daidai ne. Iyaye mata sun fi damuwa da kada ɗansu ya shiga bashi fiye da yadda muke tsammani.

To wane wata? Mafi araha shi ne bayan alhazai sun watse, Muharram da Safar. Sai dai a shekarun nan waɗannan watanni suna faɗowa ne tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da zafin Makka ke wuce maki 40 kusan kullum. Za ka ce mutumin Garwa ya san zafi, ai mun san Maris da Afrilu a bakin Binuwai. Gaskiya ne, amma a gida Inna tana zaune a inuwa da azahar, can kuwa tafiya za ta yi. Watan Maulidi jama'a kan ƙaru, musamman a Madina. Ƙarshen Disamba hutun makarantu ne a ƙasashe da yawa, farashi ya sake tashi, daga watan azumin tsofaffi kuma sai hawa har Ramadan. Abin da ya rage a tsakiya shi ne Oktoba da Nuwamba, kuma ni Nuwamba zan zaɓa muku. Zafi ya sauka, farashi bai hau ba tukuna, a nan gida kuma damina ta ɗauke, hanyoyi sun bushe. Kai ma a sana'arka ba lokacin ɗinkin Sallah ba ne. Ka lura da wannan: in ka yi tafiya a goman ƙarshe, ka rufe shago a kwanakin da tela ke samun kuɗin shekara, asara biyu ke nan.

Sai batun daga ina za ku tashi. Lokacin Hajji mun saba ganin jirgi yana ɗaukar alhazai daga filin Garwa, amma Umra kowa da hanyarsa. A gabanka akwai Njamena, akwai Yawunde da Duwala, akwai kuma Kano. Kuskuren da yawancin mutane ke yi shi ne su kwatanta kuɗin tikiti kawai. Kai ka ɗauki takarda ka lissafa daga ƙofar gidanku zuwa ƙofar gidanku. In ta kudu ne, akwai kuɗin mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wanda dole ka kama wa Inna ɗaki mai gado, ga tasi zuwa filin jirgin sama na Nsimalen, ga kwana, ga abinci, sannan duk wannan sau biyu, mutum biyu, da kaya a dawowa. Ko kuma jirgin Camair-Co daga Garwa, wanda ya fi sauƙi a jiki ya fi nauyi a aljihu. In ta Njamena ne, kuɗinmu ɗaya da Chadi, kuma ɗan Kamaru ba ya bukatar biza. Hanyar Mora da Waza zuwa Kusiri tana da wahala, ga maganar tsaro, amma tun 2025 akwai gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor a kan kogin Logon, daga nan a miƙe arewa zuwa Njamena. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon da za ku tafi, su suka fi kowa sani. Kano ka sa ta a lissafi don jirage zuwa Jidda suna da yawa a can, amma ka haɗa da wahalar iyaka, da canjin kuɗi zuwa naira, da nisan hanya daga Yola. Sau da yawa tikitin da ya fi araha da sefa dubu 80 yana cin dubu 150 kafin a isa filin da zai tashi.

Abu ɗaya kada ka yi wasa da shi: in tikitin cikin gida daban ne da na waje, ku isa garin da za ku tashi da kwana ɗaya cur a gaba. In mota ta lalace ko jirgin gida ya yi jinkiri kuka rasa babban jirgi, babu wanda zai biya ku, kuma wanda bai hau jirgin tafiya ba, kamfani yakan soke masa har na dawowa. In kuna da ɗan'uwa a Njamena ko a unguwar Birketiri ta Yawunde, wannan kwanan ba zai ci muku komai ba sai tsaraba.

Neman tikitin kansa ba shi da wani sirri, haƙuri yake so. Ƙanenka ya buɗe Google Flights ko Skyscanner, ya sa Njamena zuwa Madina, ya buɗe kalandar wata guda don ya ga farashin kowace rana. Ya sake yi daga Yawunde da Duwala. Za ku ga bambanci tsakanin ranar nan da ta gaba da ita, wani lokaci bambanci mai yawa. Ya kunna sanarwar farashi, ku yi mako biyu ko uku kuna kallo don ku san mene ne tsada mene ne araha a wannan hanyar. Wata biyu zuwa uku kafin tafiya lokaci ne mai kyau na saye. Jiran ranar ƙarshe da fatan farashi zai faɗi caca ce, ba a yin ta da tafiyar uwa. In kun ga farashi mai kyau, ku saya a shafin kamfanin jirgin ko a ofishinsu ko wurin ajans da ka sani. Akwai shafukan 'yan tsakani da ke nuna farashi ƙasa kaɗan, amma ranar da aka canja lokacin jirgi ba za ka sami wanda za ka yi wa magana ba. In da katin banki za ku biya, ka fara zuwa bankinka, don akwai iyakar da babban bankin BEAC ya sa wa biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje, kuma sau da yawa sai an buɗe wa kati hanya kafin ya yi aiki.

Ka ga na ce Madina, ban ce Jidda ba. Da gangan ne. Ku nemi tikitin da zai sauke ku a Madina, ya ɗauko ku daga Jidda. Ethiopian ta Adis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira da Turkish ta Istanbul duk suna zuwa garuruwan biyu, kuma irin wannan tikitin sau da yawa bai fi na zuwa da dawowa ta gari ɗaya tsada da yawa ba. Ribarsa biyu. Tsakanin Makka da Madina kimanin kilomita 450 ne, kun rage tafiyar sau ɗaya ke nan da kuɗinta. Na biyu, wanda ya nufi Makka kai tsaye zai ɗauki harami tun a cikin jirgi, ya sauka da gajiyar kwana biyu a jiki, ya shiga ɗawafi da sa'ayi. Wanda ya fara da Madina zai huta kwana uku ko huɗu a gari mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, jikinsa ya saba, sannan ya ɗauki harami a Zul Hulaifa da ƙarfinsa. Ga mai shekara 68 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga Madina zuwa Makka akwai jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, yana yin tafiyar cikin sa'a biyu da rabi ko kusa da haka, sai dai yana da iyakar kaya. Bas ta fi araha, tana ɗaukar sa'a biyar zuwa shida, kuma tana tsayawa a miƙati.

Kafin ka biya, ka duba kaya nawa tikitin ya ba ku. A hanyoyin Afirka an saba da jaka biyu masu kilo 23, amma akwai tikiti mai araha da ke rage wannan, kuma Inna ba za ta dawo hannu rabbana ba, akwai dabino da tasbaha da sallaya na dangi da maƙwabta. Ka tambayi ƙa'idarsu kan ruwan Zamzam, wanda ake sayarwa a galan mai lita 5 a filin jirgi. Ka duba tsawon jira a hanya. Jiran sa'a uku zuwa biyar ya yi daidai. Ƙasa da sa'a biyu gudu ne, ita kuwa ba ta gudu. In jiran ya yi tsawo sosai, Ethiopian da Turkish suna da tsarin ba fasinja masauki bisa wasu sharuɗɗa, ka tambaya tun kafin saye ko tikitinku ya shiga ciki. Ka ce a rubuta wa Inna bukatar keken guragu a cikin tikitin. Kyauta ne, za a tura ta daga wurin awon kaya har bakin jirgi, haka a Adis Ababa ko Alƙahira, kuma kai ma za ka bi ta ku wuce dogon layi. Sunaye kuma su zama harafi da harafi kamar yadda suke a fasfo, da irin rubutun Faransanci da aka yi mana a takardun haihuwa, ba yadda muke kiran juna a gida ba.

Yanzu otal ɗin ƙanenka mai kilomita 3. A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, don a nan ne araha ke cutar da tsofaffi.

Salloli biyar ne a rana. Matashi zai iya kwana a unguwanni masu nisa da Harami irin su Aziziyya ko Kudai ko Mahbas, ya bi bas ɗin otal, ya wuni a masallaci, ya dawo da dare. Ita Inna za ta bukaci komawa ɗaki ta miƙe ƙafa, ta sha magani, ta kama ruwa a wurin da ba sai ta sauka matakala ba. Bas ɗin da suke cewa kyauta ne ba ta kai mutum ƙofar masallaci, tana ajiye shi a tasha ne, daga nan sai ƙafa, kuma bayan kowace salla jama'a kan taru a kanta. Abin da yakan faru shi ne kwana biyu na farko tsohuwa ta daure, rana ta uku gwiwa ta kumbura, sauran kwanakin ta yi su a ɗaki tana jin kiran salla daga nesa. Ko kuma ka koma hawan tasi sau huɗu a rana, kuɗin da ka ce ka rage su tafi a nan. Riyal ɗaya yana kaiwa wajen sefa 150 zuwa 170, gwargwadon tashin dalar Amurka, don riyal a ɗaure yake da dala, sefa kuma a ɗaure da yuro. Ka ninka kuɗin tasi da kwanaki ka gani.

Shawarata ita ce ka rage kwanaki, kada ka ƙara nisa. Kwana goma kusa da Harami sun fi mata kwana ashirin a bayan duwatsu. Huɗu a Madina, shida a Makka, sun isa mutum ya yi Umra a natse, ya yi Juma'a, ya ƙoshi da kallon Ka'aba. Ba ina cewa ka kama ɗaki a benen agogo ba, wannan na masu hali ne. Ka nemi ƙananan otal-otal da tafiyarsu ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar ba a ƙafa, irin na titin Ibrahim Khalil ta wajen Misfala. Kuma kada ka yarda da mitocin da aka rubuta a talla. Makka gari ne na duwatsu, otal zai iya zama mita 600 a taswira amma a kan tudu yake, kamar wasu wurare a Ajyad. Ƙanenka ya sa sunan otal ɗin a Google Maps, ya zaɓi tafiyar ƙafa zuwa ƙofar masallaci, ya ga minti nawa, sannan ku ninka don tafiyar Inna. A Madina abin ya fi sauƙi don ƙasar a shimfiɗe take. Ka nemi otal ta ɓangaren arewa na masallacin, don ta nan ƙofofin mata suka fi kusa. Masallacin yana da girma, kewaya shi kaɗai tafiya ce.

A Booking.com ko Agoda, kada ku tsaya a hotuna. Ku karanta abin da baƙi suka rubuta a watannin baya-bayan nan, ku fara da masu ƙorafi. In mutum biyar sun ce ana jiran lif minti ashirin lokacin salla, to haka ne. Ku duba ko banɗaki yana da wurin zama, ko akwai matakala kafin a kai ga lif. Ku duba ko farashin ya haɗa da haraji, don harajin saye a Saudiyya kashi 15 ne cikin ɗari tun 2020, kuma wasu shafuka sai a ƙarshe suke ƙara shi. Daren Alhamis da na Juma'a sukan fi tsada don hutun mako ne a can, mutanen ƙasar ma suna zuwa. Wata hanyar rage kuɗi ta gaske ita ce yawa: kuɗin ɗaki ake biya, ba na kai ba. In akwai wata a dangi ko a unguwa da ke da niyya, ita da ɗanta ko mijinta, mata su haɗa ɗaki, ko ku kama mai gado huɗu in duk muharramai ne. Inna ma za ta sami abokiyar shiga ɓangaren mata, inda kai ba za ka iya binta ba. Wannan ya fi kuɗin da za a rage muhimmanci.

Sai dai kada ku yi saurin biyan otal a intanet. Mai fasfon Kamaru yana samun bizar Umra ne ta hannun ajans mai izini, kuma tun 2025 hukumomin Saudiyya suka ɗaure bizar da masaukin da aka yi wa rajista a tsarinsu na Nusuk. Ke nan ba za ka guje wa ajans gaba ɗaya ba, kuma ba laifi ba ne. Amfanin binciken intanet shi ne ka shiga ofishinsu da sanin farashi. Ka je wurare uku. A kowanne ka ce a rubuta maka a rarrabe: biza nawa, jirgi nawa kuma na wane kamfani, otal wane suna, kwana nawa, mutum nawa a ɗaki, mota nawa. Kada ka karɓi “otal kusa da Harami” ko “otal ko makamancinsa”, suna kake so a takarda. Ka tambaye su ko za su yarda ka sayi tikitinka da kanka su yi biza da masauki. Wani lokaci kuma za ka tarar farashinsu ya fi naka sauƙi, don suna sayen kujeru da ɗakuna a dunƙule. In haka ne ka bi su da zuciya ɗaya. Ka nemi mutum biyu da suka yi tafiya da su bara, ka ji daga bakinsu. Kada ka biya duka a rana ɗaya: kafin alƙalami da rasit, ragowar in ka ga biza da lambar tikiti.

Ba ka faɗa mini ko kuna da fasfo ba. In babu, tun Yulin 2021 kuɗinsa sefa 110,000 ne kowane mutum, ka cire 220,000 daga lissafinka tun yanzu. In akwai, ya zama da sauran aƙalla wata shida. Ku yi allurar shawara da ta sanƙarau da wuri, ku adana katin. Ka kai Inna wurin likita ya duba gwiwar da hawan jini, ya rubuta magungunanta a takarda, ku tafi da su a kwalayensu. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita 3 in aka haɗa sawu bakwai ɗin, ban da ɗawafi. Masu tura keke a Harami kuɗi suke karɓa, ba kaɗan ba. In ka sami keken guragu mai naɗewa, ko aro ne, kamfanonin jirgi suna ɗaukarsa ba tare da sun lissafa shi cikin kaya ba, kai ka tura ta da hannunka. Abinci kada ka biya na otal sau uku a rana. Ku tafi da garin kunu da zuma da ɗan abin da ta saba ci, a unguwannin da ke kewaye da Harami kuma akwai Hausawa mazauna da ke sayar da tuwo da shinkafa. Goro ku bar shi a gida, an hana shiga da shi. Kuma ina roƙonka, kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko na wa ne, ko a gida ko a filin jirgi. Hukuncin shiga da ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma masu wannan mugun aiki tsofaffi da masu tafiyar farko suke nema.

Daga miliyan 3 ɗin nan ka ware wajen dubu 300 da ba za ka taɓa ba sai larura, ka canja wani ɓangare zuwa yuro ko dalar Amurka tun a nan, don sefa ba ta da kasuwa a can. Abin da ya rage shi ne kuɗin tafiyarka na gaskiya, da shi za ka shiga ofis. In bayan ka zaga wuraren uku lissafi bai cika ba, ka rage kwana ɗaya ko biyu, ko ka ƙara zubi ɗaya na adashe ka ɗaga tafiyar da wata guda. Daga yanzu zuwa Nuwamba ka sa Inna ta riƙa ɗan zagaye da safe bayan asuba, ko zuwa bakin layi ne ta dawo, da takalmin da za ta tafi da shi. In ka karɓo takardun ajans ɗin uku, ka rubuto mini abin da kowanne ya ce, mu duba tare kafin ka biya. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓa. A gaida Inna.